Ɗan kwangilarmu ya kawo kayan agaji, ya ware na ma'aikata daban: mu karɓa ko mu mayar?

Sakataren Kwamiti:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a aikin gwamnati da waɗanda suka san doka, domin maganar nan ta hana ni sukuni.

Ni ma'aikaci ne a wata ƙaramar hukuma a nan Arewa, ba zan kama suna ba. A damunar bana kogi ya cika ya tumbatsa, ya shafe gonakin shinkafa, ya rushe gidajen ƙasa a ƙauyuka da dama. Yanzu haka mutane a azuzuwan firamare suke kwana, mata da yara a ciki, maza a baranda. Ciyaman ya kafa kwamitin agajin gaggawa, aka ba ni sakatare saboda daman a sashen jin daɗin jama'a nake.

Akwai wani Alhaji da ke yi mana aikin rijiyoyin burtsatse da kwalbatoci. Shekaranjiya ya aiko da mota cike da shinkafa da masara da tabarmi da gidajen sauro. Wallahi mun ji daɗi, don a lokacin sitonmu ba komai sai ƴan barguna. Da aka gama saukewa, sai direbansa ya sa yara suka jera wasu buhuna a gefe, kowanne an yi masa alama da jan fenti, ya ce wannan na ma'aikata ne, Alhaji ya ce ku ma kuna wahala. Ya kuma miƙo mini ambulan ya ce kuɗin mai ne na ƴan kwamiti. Na ce ya ajiye a ofishin mai kula da sito, ban buɗe ba. Abin da ke damuna shi ne fayil ɗin biyan Alhajin nan yana kan tebur ana jiran sa hannu, kuma kowa ya san da ruwa ya janye za a ba da aikin gyaran kwalbatocin da suka karye. Mutum biyu daga cikin ƴan kwamitinmu suna zama a inda ake yanke wa za a ba.

Sai maganar asusu. Ƴan asalin garin da ke Legas da Fatakwal da Saudiyya suna ta kira suna tambayar inda za su turo kuɗi. Ciyaman ya ce asusun hukuma sai ma'aji da daraktan mulki sun sa hannu, ga jan ƙafa, don haka in buɗe asusu da sunana a ɗaya daga cikin bankunan nan na waya, a sa lambar a Facebook da WhatsApp. Ya kuma ce a buga takardar neman gudummawa da tambarin hukuma, a ba masu karɓar haraji su zagaya gidajen mai da manyan shaguna.

Ba na zargin kowa da mugun nufi. Ciyaman da kansa ya shiga kwale-kwale ranar da abin ya faru. Kuma gaskiya ne yaran da ke rabon nan da kuɗinsu suke zuba mai a babura, wasu ma ruwan ya ci gidajensu. Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Me doka ta ce? Me ya kamata in yi?

Tsohon Odita:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka fara da maganar asusun, ita ce za ta fi saurin kai ka ƙasa. Kada ka buɗe. Ko ciyaman ya rubuto maka a takarda kada ka buɗe, balle da baki ya faɗa.

Daga lokacin da aka sa tambarin hukuma aka ce a taimaka, duk kwabon da ya shigo dukiyar jama'a ce. In ta shiga asusu mai sunanka, a idon banki taka ce. Allah ya kiyaye, in yau ta Allah ta kasance a kanka, kuɗin nan sai an bi ta hanyar gado kafin a taɓa su, masu kwana a firamare suna zaune. In kuma kana raye, ranar da aka sauya gwamnati aka zo bincike, sunanka kaɗai za a gani a takardar banki. Ba za a ga na wanda ya umarce ka ba. Na sha zama gaban yara masu kirki suna rantsuwa suna hawaye cewa ba su ci ko sisi ba, na kuma yarda da su a raina, amma ba su da takarda ko ɗaya da zan sa a fayil in wanke su.

Jan ƙafar da yake faɗa ba hujja ba ce. In ciyaman ya kira manajan banki da kansa, ya ce ambaliya ce, za a buɗe asusu na musamman da sunan hukuma cikin ɗan lokaci, ma'aji da wani su riƙa sa hannu. Ko gwamnatin tarayya da take da asusun bai-ɗaya tun 2015, da korona ta zo a 2020 ba ta ce a turo wa wani darakta ba. Ofishin Akanta Janar ya fitar da ƙa'ida, aka ware asusu a wasu bankunan kasuwanci da sunan gwamnati don karɓar gudummawa, a kwashe zuwa Babban Banki. Su ma manyan ƴan kasuwa da suka haɗu a ƙarƙashin CACOVID, gamayyar da suka kafa don tallafin korona, irin su Aliko Dangote da marigayi Herbert Wigwe, a Babban Banki aka ajiye abin da suka tara, ana fitar da sunayen masu bayarwa da abin da kowa ya bayar.

Kayan kuma, ka sa mai sito ya shigar da kowane buhu a littafi yau ɗin nan, har da masu jan fentin. A rubuta wa ya kawo, yaushe, nawa, wa ya karɓa. A ba direban rasit. In za a fitar, a rubuta takardar fitarwa, dagaci ko mai unguwa ya sa hannu ya karɓa. Ka tuna dabinon da Saudiyya ta aiko da shi a 2017, tan 200, domin ƴan gudun hijira su yi buɗa-baki. A kasuwa aka riƙa ganin sa ana sayarwa, har ma'aikatar harkokin waje ta fito ta ba Saudiyya haƙuri. Inda duk kaya suka wuce hannu zuwa hannu ba rubutu, haka ake ƙarewa.

Barista:

Baba Odita ya gama maganar asusu, ni bari in taɓa ta buhunan da ambulan.

Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na biyar, shi ya ƙunshi ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, kuma ya lissafa ciyaman da kansiloli da ma'aikatan ƙananan hukumomi cikin waɗanda abin ya shafa. Ke nan har da kai, Malam Sakatare. Sakin layi na 6 ya faɗi abu uku. Ma'aikaci ba zai nemi ko ya karɓi wata dukiya ko amfani, don kansa ko don wani, saboda abin da ya yi ko ya ƙi yi a bakin aikinsa ba. Sannan duk kyautar da ta fito daga kamfani ko ɗan kasuwa ko wanda ke da kwangila da gwamnati, za a ɗauka an karɓe ta ne ta haramtacciyar hanya, sai fa in wanda ya karɓa ya kawo hujjar da ta nuna ba haka ba ne. Ka lura da wannan da kyau: ba mai tuhuma ne zai wahala wajen kawo hujja ba, kai ne. Na uku, kyauta ta ƙashin kai sai daga dangi ko abokai, gwargwadon abin da al'ada ta sani. Abin da aka ba ma'aikaci a taron jama'a ko wani biki na hukuma, ana lissafa shi kyauta ce ga ma'aikatar da yake wakilta.

To auna da naka. Alhajin nan ba ɗan'uwanku ba ne, ɗan kwangilarku ne, fayil ɗinsa ma yana kan tebur. Buhu mai jan fenti da ambulan sun faɗa kai tsaye cikin abu na biyu. In aka kai mutum Kotun Ɗa'ar Ma'aikata aka same shi da laifi, tana iya raba shi da kujerarsa, ta hana shi riƙe muƙami har zuwa shekara 10, ta ƙwace abin da ya samu. Wannan ban da abin da hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC za ta iya yi da tata dokar ta 2000.

Babban lodin da ya kawo don jama'a daban ne. Ban ga abin da ya hana hukuma karɓa ba, matuƙar da sunan hukuma aka karɓa aka kuma rubuta. Amma ni da zan ba ku shawara, ku aika masa da wasiƙar godiya wadda a cikinta za a faɗa ƙarara cewa an karɓa ba da wani sharaɗi ba, kuma ba ta da alaƙa da wani aiki ko biya. Ƴan kwamitin nan biyu da ke zama wajen rabon kwangila, ko dai su fita daga harkar karɓar gudummawa, ko su fita daga zaman da za a duba takardunsa. Wannan ya fi muhimmanci a irin wannan lokaci, don dokar sayen kayan gwamnati ta tarayya ta 2007 ta yarda a ba da aiki kai tsaye ba tare da doguwar gasa ba in ana cikin bala'i, jihohi ma suna da irin tasu. Ƙofar da aka sassauta don a ceci rai, ita ce wadda ya fi sauƙi a bi a saka wa mai kyauta.

Takardar da za a ba masu haraji kuwa, ita ta fi ba ni tsoro. Mai gidan mai ya ga mutumin da ke iya rufe masa wuri gobe ya shigo da takarda mai tambari yana cewa a taimaka. Wa zai ce ba shi da shi? A sanar a rediyo da masallatai da coci-coci, a faɗi lambar asusu, mai niyya ya kawo da ƙafarsa.

Ɗan Sa-kai:

Manya, ina girmama ku, amma ku yi haƙuri, daga ji ba ku tsaya cikin ruwa har ƙirji kuna miƙa yaro ba.

Ina Maiduguri lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024. Cikin dare ruwa ya shigo, kafin gari ya waye Gwange da Fori da kasuwar Monday duk sun nutse, har asibitin koyarwa bai tsira ba. Waɗanda suka ciyar da mutane a kwanakin farko ba su jira littafin sito ba. Mata ne suka ɗora tukwane a unguwannin da ruwa bai kai ba, matasa suka yi ta tara kuɗi a asusunsu na waya suna sayen burodi da ruwan leda. Da an ce sai an buɗe asusu mai sa hannun mutum biyu, da yunwa ta kashe wasu.

Kuma ku tuna Oktoban 2020. Kayan tallafin korona suna jibge a rumbuna a Legas da Jos da Kaduna da sauran wurare, hukumomi suna cewa ana shirin rabo, har jama'a suka fasa suka kwashe. Ai a rubuce kayan nan suke a littafi. Rubutun bai kai su cikin kowa ba.

Maganar ma'aikata kuma, yaron da ke matakin albashi na ƙasa, ya bar iyalinsa a makaranta ya fito yana ɗaukar buhu tun asuba, a ce buhu ɗaya ya zama laifi? Ni dai ban ga adalci a nan ba.

Tsohon Odita:

Ɗan Sa-kai, Allah ya saka muku da alheri, abin da kuka yi ba ƙarami ba ne. Amma kai ba hukuma ba ce. Wanda ya turo maka kuɗi ya san kai ya ba, don ya yarda da kai, kuma ba ka da kwangilar da za ka ba shi ko shagonsa da za ka rufe. Malam Sakatare da tambarin gwamnati zai nema.

Kan rumbunan 2020 ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Ajiye abinci mutane na jin yunwa zalunci ne. Sai dai rubuta buhu a littafi bai kai tsawon lokacin sauke shi daga mota ba. Abin da ke riƙe kaya a sito yawanci jiran babban mutum ne ya zo a ɗauki hoto, ko rigimar wace mazaɓa za ta fi samu.

Malamin Islamiyya:

Bismillah. Abin da Barista ya karanto daga kundin tsarin mulki, addini ya riga shi. A Bukhari da Muslim an ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya aiki wani mutum da ake kira Ibnul Lutbiyya karɓo zakka. Da ya dawo sai ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka yi mini. Annabi ya hau mumbari ya yi magana a kai, ya ce me ya hana shi zama a gidan mahaifinsa ko mahaifiyarsa ya gani ko za a kawo masa kyautar. Malam Sakatare, ka yi wa kanka wannan tambayar. Da ba ka cikin kwamitin nan, Alhajin zai aiko maka da ambulan? Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma, a Kitabul Farƙ, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa a kai.

Amma ɗan'uwana Ɗan Sa-kai yana da gaskiya a wuri ɗaya, kada mu tsallake. Mai aiki yana da haƙƙi. A ayar rabon zakka cikin Suratut Tauba, Allah ya sa masu aikin tattara ta cikin waɗanda ake ba. Bambancin shi ne shugaba ne ke yanka musu, a fili, daga abin da aka tara. Ba su ne za su karɓa a gefe daga hannun mai bayarwa ba. Don haka in yaran nan suna zuba mai daga aljihunsu, hukuma ta biya su, wajibinta ne. Wanda ruwa ya ci gidansa a cikinsu kuma a rubuta sunansa tare da maƙwabtansa, ya karɓi abin da kowa ya karɓa, ba ƙari ba ragi. Kasancewarsa ma'aikaci ba ta hana shi, ba ta kuma fifita shi.

Sakataren Kwamiti:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na samu ciyaman bayan la'asar, na tafi da ma'aji don kada ya zama ni kaɗai. Na ce masa, ranka ya daɗe, asusun nan in da sunana ne, kai za a fara zagi kafin ni. Ya yi shiru, ya ce a kira manajan banki. An fara cike takardu da sunan hukuma.

Buhunan jan fenti an shigar da su littafi an haɗa da sauran. Ambulan ɗin mun buɗe gaban mutum huɗu, aka ƙirga, ma'aji ya yanka rasit da sunan Alhajin a matsayin gudummawa ga asusun agaji. Na kira shi da kaina na yi masa bayani, don ban so ya ji a bakin wani ya ɗauka raini ne. Bai ji daɗi ba, ya ce shi don Allah ya yi. Na ce na yarda, kuma ladansa yana nan.

Inda ban yi nasara ba shi ne takardar masu haraji. Ciyaman ya ce an riga an buga, kuma ƴan kasuwar garin ba sa motsi sai an je musu. Abin da na samu kawai shi ne ya yarda limamin Juma'a da shugaban ƴan kasuwa su kai, masu haraji su tsaya. Maganar mutum biyun da ke zaman kwangila ko ɗaga ta ban iya yi ba, sun girme ni a aiki nesa ba kusa ba. Wasu abokan aikina kuma tun jiya ba sa amsa gaisuwata da kyau, sun riga sun sa rai da buhunan. Ɗaya daga cikinsu matarsa ta haihu a ajin firamare satin nan. Na rubuta takardar neman a biya su kuɗin mai da abinci, tana gaban daraktan mulki.

Ƴar Gwange:

Malam Sakatare, sannu da ƙoƙari. Ni ina cikin waɗanda suka tsaya a layi a 2024, don haka bari in faɗa maka abin da mai karɓa ke gani, tunda duk maganar da aka yi ta masu bayarwa ce da ma'aikata.

Abin da ya fi cin ranmu a lokacin shi ne mu ji a rediyo wane ya ba da miliyan kaza, wane ya ba da kaza, mu kuma muna zaune a kan tabarma ɗaya mu bakwai. Sai daga baya muka gane ashe alƙawari daban, abin da ya shigo hannu daban. Wani zai tsaya gaban kyamara ya faɗi adadi, a tafa masa, kuɗin su daɗe ba su iso ba. Kafin nan zuciyar mutane ta riga ta ɓaci, kowa na cewa an cinye. Don Allah in za ku liƙa takarda, ku raba gida biyu: abin da aka yi alƙawari, da abin da ya shigo. Ku liƙa a ƙofar sakatariya da ƙofar makarantar da mutane ke kwana, da Hausa, a kuma karanta a lasifika bayan sallah saboda waɗanda ba su yi boko ba. Kada ku jira sai wani ya rubuto yana nema da dokar ƴancin samun bayanai ta 2011. Talakan da ruwa ya tafi da katin shaidarsa ba zai rubuta wasiƙa ya jira kwana 7 ba.

Sannan ku kula da yadda ake rubuta suna. In aka ce magidanci kawai, zawarawa da matan da mazajensu ke ci-rani sun faɗi. Gida mai mata uku da ƴaƴa ashirin a ba shi daidai da na ango da amarya, wannan ma ba daidai ba ne. Ku sa mace ko ɗaya a wajen rubuta suna, akwai abin da ba za mu iya faɗa wa namiji ba, kamar audugar mata da kayan jego.

Ina roƙon abu ɗaya kuma: ku faɗi ko buhu nawa kowace unguwa ta samu, amma kada ku ɗauki hoton fuskar mace tana karɓar kwano ku sa a Facebook don mai kyauta ya ji daɗi. In Alhajinku yana son shaida, ku ba shi kwafin takardar da dagaci ya sa wa hannu.

Maijegon nan da ka ambata, a duba ko tana da gidan sauro da ruwan zafi. Kada ta jira takardar da ke gaban darakta, sunanta a layin farko ya kamata ya kasance tare da sauran masu jego.